Darasi na 7: Kwanton Barewa da Yamma a Lokacin Barbara

Barewar da wannan darasi ya shafa ita ce mai ƙaho mai rassa, wadda namijinta, wato kishimi, ke zubar da ƙahonsa duk shekara ya tsiro sabo. Dabba ce mai tsananin wayo, amma akwai 'yan makonni a shekara da wayon kishimi ke raguwa. Lokacin barbara ke nan. Gajartar yini ce ke tayar da shi. A arewacin Amurka abin ya fi ƙamari a watan Nuwamba, jar barewar Turai kuwa daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba.

A wannan lokaci kishimi ba ya ta abinci. Yawo yake yi dare da rana, ga faɗa da 'yan'uwansa, har ya rame. Macen kuwa kwana 1 kacal take karɓarsa, shi ya sa ba ya nisa da garken mata. To, kada ka wahalar da kanka neman kishimi. Nemi inda mata ke kiwo da yamma, shi da kansa zai kawo kansa.

Yana barin shaida. Za ka ga ƙaramin itace an goge ɓawonsa da ƙaho, farin jikinsa a waje. Za ka ga wuri a ƙarƙashin reshe an tone shi da kofato, ƙasar da danshi, tana warin fitsari. Idan ganye bai rufe tonon ba, sabo ne.

Ka isa wurin kwanto tun da sauran rana, kamar awa 2 kafin faɗuwarta, ka zauna tsakanin makwancinsu da makiyayarsu. Sai ka duba iska, domin hancin barewa ya fi idonta. Ɗebi busasshiyar ƙura ka sake ta. In ta dawo kanka, madalla. In ta nufi hanyar da kake tsammanin fitowarsu, tashi ka sake wuri. A kan tudu akwai ƙari: da rana ta yi sanyi, iska kan gangara kwari, ta tafi da warin jikinka. Don haka da yamma ƙasan hanya ake zama, ba samanta ba. Da yawa a nan suke yin asara, su koma gida suna zargin bindiga.

Mace ce kan fara fitowa. Kada ka motsa. In tana waige, akwai mai bin ta.

Sai maganar haske, wadda ba a wasa da ita. Dole ka mallaki lasisi, ka kuma san lokacin da doka ta tsayar. A wurare da dama minti 30 bayan faɗuwar rana an rufe harbi. Sanya riga mai launin lemo don sauran mafarauta su gan ka, barewa ba ta bambance wannan launi sosai. Motsin ganye ko inuwa ba abin harbi ba ne. Sai ka ga dabbar sarai, ka ga abin da ke bayanta, sannan ka auna bayan kafaɗa, saitin huhu da zuciya.

In ta ruga bayan harbi, kada ka bi ta nan take, za ka ƙara korar ta ne. Riƙe wurin da ta tsaya da inda ta shige. Dakata kamar rabin awa, sannan ka kunna tocila ka bi sawun jini.