Kurakuran da muke yi wa ƙashin bayanmu a Kumasi

Duk telan da ya kwana a kan keke a unguwar Aboabo lokacin ɗinkin Sallah ya san ciwon kwankwaso, haka ma 'yan dakon kasuwar Kejetia. Abin da ke damuna shi ne da zarar ciwon ya taso sai a ce ƙashi ya goce, a nemo mai mayar da shi.

Daga nan sauran kurakuran suke farawa. Ƙasusuwa 24 ne masu motsi a gadon baya, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, kuma jijiyoyi masu ƙarfi sun ɗaure su tamau. Ba sa gocewa don mutum ya kwana a karkace. Ƙarar nan "ƙas" da ake ji idan an danna baya iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Sana'ar danna ƙashin baya da ake kira kairofraktik, wadda Daniel David Palmer ya fara a Amurka a 1895, tana iya rage ciwon kwankwaso na ɗan lokaci, kamar yadda tausa da motsa jiki suke yi. Amma wanda ya ce maka da ita zai warkar da hawan jini ko ciwon suga, riƙe kuɗinka. Wuya kuwa, ɗan'uwa, kada ka bari a fizge maka shi da ƙarfi. Jijiyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa ta nan suka bi, kuma ko da yake ba kasafai ba, suna iya tsagewa har ɓarin jiki ya shanye.

Sai kwanciya. Mutum ya yi mako guda a katifa yana jiran sauƙi, baya kuwa sai ƙara sandarewa yake. Kwana ɗaya ko biyu ya isa, daga nan a tashi a riƙa takawa a hankali. Yawancin irin wannan ciwo yakan lafa cikin mako shida.

Wasu kuma sun ji an ce a gyara zama, sai su ƙame kamar soja tun safe. Daɗewa a wuri ɗaya shi ne illar, ko a miƙe kake ko a ranƙwafe. Tela ya tashi duk bayan rabin awa ya yi miƙa, ya naɗe tawul ya tokare kwankwaso, ya ɗaga kujera ko teburin yadda ba sai ya dunƙule ba. Mai ɗaukar buhu ya durƙusa, ya jawo kayan kusa da jiki, ya tashi da ƙarfin cinya, kada ya murɗa ƙugu da kaya a hannu. Iyayenmu mata masu shara da gajeriyar tsintsiya, don Allah a sa mata dogon mariƙi.

Tramadol da ake sha don a iya dako ɓoye ciwon kawai yake, ya bar mutum da jaraba. Shan maganin ciwo Diclofenac kullum kuma yana cin ciki da ƙoda.

Akwai ciwon da ba na tausa ba ne sam. Ƙafa ta rasa ƙarfi, tsakanin cinyoyi ya mutu, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, wanda tarin fuka na ƙashin baya kan jawo. Wannan a wuce asibitin Komfo Anokye ran nan, kada a jira gari ya waye.