Kurakuran da ake yi da cikin yaro mai cutar firofiyonik asidimiya

Wannan cuta gadonta ake yi, kuma sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, shi ya sa aka fi ganinta inda auren zumunci ya yawaita, kamar Saudiyya. Jikin yaron ba ya iya sarrafa wani sinadari mai suna firofiyonet. In ya taru sai amai da kasala, wani lokaci har suma, kuma duk tashin da ciwon ya yi yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Kusan rubu'in sinadarin nan kuwa ba daga abinci yake zuwa ba, ƙwayoyin bakteriyar hanji ne ke haɗa shi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne raina taurin bayan gida. Yaro ya kwana uku bai yi ba, cikinsa ya ɗaure kamar ganga, ya kau da kai daga nono, a ce ai zai wuce. A wurin wannan yaron ba ƙaramin abu ba ne: muddin kashi na zaune a hanji, ƙwayoyin nan aiki suke yi, jini kuma yana kwasar abin da suka haɗa. A riƙa lura da ranakun da ya yi bayan gida, a ba shi ruwa isasshe, a sanar da likita da wuri.

Sai maganar Flagyl. Gaskiya ne likitoci na ba da shi don rage waɗannan ƙwayoyi, galibi na 'yan kwanaki a wata sannan a huta. Da iyaye sun ji haka, wasu sai su nufi kemis su yi ta ɗura wa yaro. Daɗewa ana shansa na lahanta jijiyoyi, hannu da ƙafa su riƙa mutuwa. Awon da hutun duk a bar wa likita.

Haka garin “ƙwayoyin hanji masu amfani” da ake tallatawa a intanet. Wasunsu na ƙunshe da irin bakteriyar da ke haɗa firofiyonet ɗin da ake gudu, kuma babu wanda ke gyara abin da aka gada. Kada a saya sai likita ya duba kwalin.

Ranar da yaron ke zazzaɓi ko amai ya ƙi cin abinci, kada a jira gari ya waye. Yunwa na sa jiki ya koma cin tsokarsa, sinadarin ya ƙaru. A garzaya asibiti a faɗi sunan cutar tun daga bakin ƙofa, domin ko maganin farfaɗiya na balfurowet ba a so a ba irin waɗannan yara.