Yadda Ake Fassara Tashin Matattu a Annabcin Ƙarshen Zamani

Kafin mai wa'azi ko mai koyar da Littafi Mai Tsarki ya ce uffan a kan wata aya da ta ambaci tashin matattu, ya fara tambayar kansa wane irin tashi ake nufi. Kalmar ɗaya ce, amma Nassi yana amfani da ita ta fuskoki huɗu. Yawancin ruɗanin da ake ji a kan bagade daga cuɗanya su yake fitowa.

Akwai dawowa wannan rayuwa, kamar Li'azaru a Yohanna 11 da 'yar Yayirus. Sun tashi, amma da jikin da zai sake mutuwa. Akwai tashi na misali, wato farfaɗowar al'umma. Akwai sabon rai na mai bi tun yana duniya, wanda Afisawa 2:6 da Kolosiyawa 3:1 suke maganarsa a matsayin abin da ya riga ya faru. Sai na huɗu, tashin jiki a ranar ƙarshe, wanda shi ne ainihin batun annabci.

To, ta yaya za ka rarrabe? Karanta surar gaba ɗaya, ka duba ko marubucin ya fassara kansa. Ezekiyel 37 ne misali mafi sauƙi. Da yawa sukan tsaya a kwarin busassun ƙasusuwa su yi wa'azin kabari, alhali aya ta 11 ta faɗa ƙarara cewa ƙasusuwan nan gidan Isra'ila ne duka, mutanen da aka kwashe bauta zuwa Babila suka fid da rai da komawa gida. Daniyel 12:2 kuwa daban ne: masu barci a cikin ƙura za su farka, wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa kunya. Nan maganar mutane ake yi da hukuncinsu.

Sai ka lura da lokacin da aka ambata. Yohanna 5 ya jera biyu kusa da juna. A aya ta 25 lokaci yana zuwa, ya ma riga ya yi; a aya ta 28 da 29 lokaci yana zuwa kawai, kuma an ambaci kaburbura. Na farko jin muryar Almasihu ne yanzu, na biyu yana gaba. Wanda ya haɗe su zai faɗa ramin da Himinayas da Filitas suka faɗa, waɗanda 2 Timoti 2:18 ta ce sun kauce daga gaskiya don suna cewa tashin matattu ya riga ya wuce.

Ma'aunin sauran ayoyi shi ne 1 Korintiyawa 15, domin koyarwa ce kai tsaye, ba wahayi ba. Bulus ya kira Almasihu nunan fari, wato damin farko da ke nuna irin hatsin da ke gona. Yadda ya tashi, haka nasa za su tashi. A nan ake yawan tuntuɓe da “jiki na ruhaniya” a aya ta 44, a ɗauka wani abu ne kamar iska. Duba Luka 24:39-43: bayan tashinsa Yesu ya nuna wa almajiransa hannuwa da ƙafafu, ya ci gasasshen kifi a gabansu. Jiki ne, sai dai ba ya ruɓewa.

Wuri mafi wuya shi ne Ru'ya ta Yohanna 20, wanda wasu fassarori suke kira Wahayin Yahaya. An ambaci shekara dubu sau shida daga aya ta 2 zuwa ta 7, tare da “tashin farko”. Magabata irin su Jastin Shahidi da Ireniyas, a ƙarni na 2, sun ɗauka tashin jiki ne na masu bi kafin mulkin shekara dubu. Hujjar wannan ɓangare tana da ƙarfi: kalmar Helenanci ɗaya, mai ma'anar “suka rayu”, aka yi amfani da ita ga waɗanda suka yi mulki tare da Almasihu a aya ta 4 da sauran matattu na aya ta 5, don haka da wuya ɗaya ya zama na ruhu ɗaya na jiki. Agustin na Hippo, a ƙarni na 5, ya ce tashin farko sabuwar haihuwa ce, yana dogara da Yohanna 5:25. Koyarwar da ke raba fyaucewar ikilisiya (ɗauke masu bi su taryi Ubangiji a sararin sama) da bayyanar Almasihu da tazarar shekara bakwai kuwa a ƙarni na 19 ta bazu, ta hannun John Nelson Darby. Idan kana koyarwa, faɗi ra'ayin da ka bi da dalilinka, ka kuma ambaci cewa akwai wasu. Shahadar bangaskiya da majalisar ikilisiya ta Konstantinoful ta tsayar a shekara 381 ta tabbatar da sauraron tashin matattu da rai na zamani mai zuwa, ba ta tsara jadawali ba.

Kada ka ɗora lissafin rana a kan ayoyin nan. Mabiyan William Miller a Amurka sun sa ranar 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar dawowar Almasihu, rana ta fito ta faɗi. Markus 13:32, da ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba, ta riga ta rufe wannan ƙofa.

A wurin jana'iza, 1 Tasalonikawa 4:13-18 ce ta dace. Damuwar mutanen Tasalonika ita ce ko waɗanda suka riga mu gidan gaskiya za su rasa rabo sa'ad da Ubangiji ya dawo. Amsar Bulus ita ce su ne ma za su fara tashi. Karanta har aya ta 18, inda ya ce a ta'azantar da juna da waɗannan kalmomi, ka bar gardamar shekara dubu sai ranar nazarin Littafi.