Kafin ka sayi bajon Apollo, juya bayansa

'Yan uwa masu tara bajon tafiye-tafiyen sararin samaniya na NASA, kada kyan zane ya ɗauke muku hankali. Ku fara juya bayan bajon. Na zamanin Apollo, shirin NASA na kai mutum duniyar wata, bayansu zallar yadi ne, za ka ga zaren ɗinkin tsirara. Wanda aka shafe wa baya da roba yawanci daga baya aka yi shi, kada ka biya masa kuɗin tsoho.

Sai kamfanin da ya ɗinka. AB Emblem da Lion Brothers duk sun yi na Apollo, faɗin inci 4, amma aikinsu ya bambanta. Ni na Lion Brothers ne suka fi kwanta mini a rai, domin daga Apollo 12 zuwa 17 sun ɓoye lambar tafiyar cikin ɗinkin. A na Apollo 13, mai zanen dawakai, sa gilashin ƙara girma ka bi gezar dokin a hankali, za ka tarar da 13 a ciki.

Na Apollo 11 kuwa, mai gaggafa riƙe da reshen zaitun, asalinsa ba ya ɗauke da sunayen 'yan sama jannati. Dillali ya turo maka hoton gaba kawai, ce masa sai ka ga baya tukuna.