Darasi na Bakwai: Idan Zawo Ya Kama Kwikwiyo

Zawon da babban kare zai yi ya miƙe ya ci gaba da yawonsa, shi ne kan kwantar da kwikwiyo cikin kwana ɗaya. Jikinsa ƙarami ne, ruwan da ke ciki ba ya daɗewa yake ƙarewa.

Sau da yawa abin bai kai na tashin hankali ba. Wataƙila an canja masa abinci farat ɗaya, ko an ba shi madarar saniya, ko ya tono wani ruɓaɓɓen abu a juji, ko kuwa tsutsar ciki ce. Idan yana wasa, yana cin abinci, ba ya amai, ka ajiye masa ruwa mai tsabta a kusa, ka riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan. Kada ka bar shi da yunwa wai don cikin ya huta, sukarin jininsa zai faɗi. In zawon ya wuce awa 24, sai likitan dabbobi.

Yanzu ka duba shi da hannunka. Kama fatar bayan wuyansa da yatsu biyu, ka ɗaga, ka saki. Ta mai lafiya nan take za ta koma. Idan ta tsaya a tattare, ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa. Sannan ka ɗaga leɓensa ka taɓa dasashi. Ya kamata ka ji danshi, ka ga ja-ja. Busasshen dasashi mai danƙo, ko wanda ya yi fari fat, alamar haɗari ce.

Abin da na fi ji wa kwikwiyo tsoro shi ne cutar da likitoci ke kira farbo. Ta fi kama masu sati 6 zuwa wata 6 da ba a yi wa rigakafi ba. Kwikwiyon da jiya yake cizon takalminka, yau ya lafe a lungu, ya ƙi abinci, yana amai, sai zawo mai jini da mugun wari ya biyo baya. In ka ga haka, kada ka jira gari ya waye. Ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata, kuma wannan aikin likita ne. Ka tafi da ɗan kashinsa a leda don a gwada. Don Allah kada ka ba shi farasitamol ko wani maganin mutane, yana iya kashe shi.

Ka raba shi da 'yan'uwansa. Ƙwayar farbo takan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba, don haka ka wanke wurin da kwanonsa da bilic, wato ruwan sinadarin nan na faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, awo 1 cikin ruwa awo 30, sannan ka wanke hannu da sabulu. Sauran kuma a fara musu allurar rigakafi tun suna sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati 3 ko 4 har su cika sati 16.