Kwanon farko a Kuala Lumpur: ga masu tashi daga Kaduna

Daren Asabar bayan sallar Isha'i ɗan yayata ya same ni a gida a Unguwar Rimi, riƙe da takardar shiga jami'a. Maleshiya zai tafi karatu. Na zaci zancen biza ko kuɗin haya ne ya kawo shi, sai ya ce, "Kawu, ni fa abinci ne damuwata." Na ji daɗin maganar ƙwarai, domin ita ce tambayar da ban yi wa kowa ba lokacin da zan tafi, kuma ita ce ta fi ba ni wuya. Da na sauka Maleshiya, kwana 12 na yi ina kan burodi da shayi da Indomie, ba don rashin kuɗi ba, sai don tsoron abin da ban sani ba da kunyar tambaya. Na rame, karatu ya ƙi shiga, alhali da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da na gaya wa yaron a daren nan shi nake rubutawa, saboda ku ƙannenmu da 'ya'yanmu da za ku hau jirgin ƙasa a Rigasa, ku kama na sama a Abuja, ku sauka inda ba mai kiran sunanku.

Ko ka so ko ka ƙi, a makon farko za ka tsinci kanka a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen shagunan nan da ake ce wa mol. A can za ka sayi layin waya, a can za ka canza kuɗi zuwa ringit, a can kuma za ka fake wa zafi da ruwan sama, domin garin ba ya rabo da su. Akwai Suria KLCC da aka buɗe a 1998 a gindin tagwayen hasumiyoyin Petronas masu hawa 88, akwai Pavilion a unguwar Bukit Bintang da aka buɗe a 2007, kuma akwai hanyar ƙafa mai rufi da sanyi da ke haɗa yankunan biyu. Sukan buɗe ƙarfe 10 na safe su tashi 10 na dare. A cikinsu za ka tarar da dandalin abinci: fili guda babba, rumfuna sun kewaye shi, tebura da kujeru a tsakiya na kowa da kowa. Na Suria da ke hawa na 2 sunansa Signatures, na Pavilion kuma Food Republic. In ka cire fitilu da tayil da sanyin na'ura, tsarin bai bambanta da layin masu abinci na bakin tashar Kawo ba. Kowace rumfa da mai ita, da girkinta, da farashinta. Ba wanda zai tare ka a ƙofa, ba wanda zai dubi takalminka. Ka shiga da jamfarka da hularka, ka zaga sau ɗaya ko sau biyu kana kallo kafin ka tsaya.

Zancen halal shi ne inda nake so ka tattara hankalinka.

A Kaduna ba ma tambaya, saboda mun san mai tuwo, mun san mahaucin da take saye a wurinsa, wataƙila ma sahu ɗaya muke sallah da shi. A can ba ka san kowa ba, don haka takarda ce ke tsaya maka a madadin sanayya. Musulmi su ne mafi rinjaye a Maleshiya, wajen kashi 63 cikin 100 a ƙidayar 2020, amma akwai Sinawa da Indiyawa masu yawa 'yan ƙasa, kuma naman alade abinci ne na yau da kullum a wurin da yawansu. Hukumar gwamnati mai kula da harkokin Musulunci, wadda ake kira JAKIM, ita da majalisun addini na jihohi ne kaɗai doka ta ba ikon bayar da shaidar halal. Tambarin da'ira ne, da tauraro mai kusurwa takwas a tsakiya, an rubuta halal da Larabci a cikinsa, da sunan ƙasar a kewaye. Wanda ya samu ba ya ɓoyewa, a gaban rumfa yake kafa takardar, kuma tana ɗauke da ranar ƙarewarta. Ka matsa kusa ka karanta. Ba rashin ladabi ba ne, su kansu 'yan ƙasar haka suke yi.

Inda baƙo ke ruɗewa shi ne rubutun da wasu ke mannawa cewa babu "pork", babu "lard", wato ba naman alade, ba kitsensa. Maganar na iya zama gaskiya, amma ba ta gaya maka wanda ya yanka kazar ba, ba ta kuma ce komai ba a kan giyar girki da ake ɗan zubawa a wasu miyoyin Sinawa, ko ruwan mirin na girkin Japan. Wannan da shaidar halal ba ɗaya ba ne. A ɗaya gefen kuma akwai rumfunan Musulmi na gaskiya da ba su nemi takardar ba saboda ɗawainiyarta. Ni abin da na tsaya a kai shi ne: in da takarda, in ci hankali kwance. In babu, in dubi masu girkin da masu cin, sannan in buɗe baki in tambaya. In zuciyata ba ta kwanta ba, rumfa ta gaba taku biyar ce.

Kada kyan wuri ya yanke maka hukunci. A ƙasan ginin Lot 10, nan Bukit Bintang, akwai dandalin da ake kira Hutong, wanda ya tara tsofaffin gidajen girkin Sinawa masu suna. Wuri ne mai tsabta da daraja a wurin masu shi, amma yawancin abincinsa da alade ake yi, kuma ba su ɓoye ba. Ba don mu aka yi shi ba, shi ke nan. Ka riƙe kalmar "babi", ita ce alade da harshen Malay. Ka riƙe "char siew", gasasshen alade ne. Ka kuma riƙe "bak kut teh". Wani yaro ɗan Tudun Wada da muka zauna gida ɗaya ya riga ya koyi cewa "teh" shayi ne, sai ya ga sunan a wata rumfa ya miƙa kuɗi. Mai rumfar, wata dattijuwa Basiniya, ta dubi hularsa ta girgiza kai, ta mayar masa da kuɗinsa, ta nuna masa wata rumfar da hannu. Farfesun haƙarƙarin alade ne. Har yau ina ganin girman matar nan, kuma irinta suna da yawa a garin. Sai dai ba kullum za ka dace da mai lura da hularka ba.

To me za ka ci? Fara da abin da harshenka zai gane. Satay ɗan'uwan tsire ne: nama a tsinke, gashin gawayi, da albasa da kokwamba a gefe. Bambancin shi ne mu muna barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, su kuma miyar gyaɗa mai zaƙi suke tsomawa. Nasi ayam shinkafa ce da kaza, ba ta da hayaniya, ita ta fi dacewa da cikin da bai saba ba. Sup kambing farfesun akuya ne, ranar da mura ta kama ka za ka gode mini. Rendang nama ne da aka dafa da madarar kwakwa har ruwan ya ƙone ya kama jikinsa. A rumfar nasi kandar, girkin Indiyawa Musulmi da ya samo asali daga Penang, za ka ga kuɓewa, su "bendi" suke ce mata. Ranar da na fara ganinta a kan shinkafa sai da na tuna gida.

Nasi lemak kuwa, wanda suke ɗauka abincin ƙasa, shinkafa ce dafaffiya da madarar kwakwa, da soyayyar gyaɗa, da ƙananan busassun kifi, da ƙwai, da wani jan yaji mai suna sambal. Sambal ɗin nan yakan ƙunshi belacan, wato jatan lande da aka tsima aka daka. Warinsa zai buge ka da farko. Kafin ka yamutsa fuska ka tuna daddawarmu, da yadda baƙo ke ji in an jefa ta a miyar kuka. Aikinsu ɗaya a tukunya. Ka ba shi sau uku kafin ka yanke masa hukunci. Abin da ni ban taɓa sabawa da shi ba shi ne sukari a cikin miya, kuma suna sa shi sosai.

Kalmomi kaɗan za su ɗauke ka nesa. "Ayam" kaza, "daging" naman sa, "ikan" kifi, "nasi" shinkafa, "goreng" soyayye. "Pedas" yaji, in ba ka so da yawa ka ce "kurang pedas". "Berapa?" nawa ne. "Bungkus" a ƙunsa maka ka tafi da shi. Macen da ta ɗan girme ka "kak", namiji "abang", dattijuwa "makcik", dattijo "pakcik", kamar dai yadda za ka ce Yaya ko Baba a kasuwar Barci. Ka kira mutum da ɗayan waɗannan ka ga yadda fuskarsa ke sakewa. In za ka nuna abinci, da babban yatsan hannun dama suke nuni, sauran yatsun a dunƙule. Karɓa da bayarwa da dama ne, kamar gida. Cin shinkafa da hannu ba abin kunya ba ne, akwai wurin wanke hannu, ko da yake a irin waɗannan wurare cokali da cokali mai yatsu aka fi amfani da su.

Abin sha yawanci rumfarsa daban, kuma nan kuɗi ke zurarewa ba ka ankara ba. Teh tarik shayin madara ne da ake ɗagawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, daidai yadda mai shayin bakin layinku yake yi. Zaƙinsa ya wuce misali, don haka ka ce "kurang manis". "Teh o kosong" baƙin shayi ne ba sukari. "Air" ba iska ba ce, ruwa ke nan da harshensu.

Wajen biya, wani dandalin kowace rumfa ke karɓar kuɗinta, wani kuma kati za ka saya ka zuba masa kuɗi. 'Yan gari sun fi biya da waya, ta Touch 'n Go ko lambar DuitNow da ake haskawa. Kafin ka buɗe asusu a can, ka riƙe takardun ringit a aljihu, kada ka dogara da katin bankin gida shi kaɗai. Wasu rumfunan za su ba ka ɗan faifai mai ƙara, in abincinka ya sauka sai ya yi kuka ka je ka ɗauka. Ka kuma bambance dandalin da gidajen abinci masu ƙofa da ma'aikata da ke cikin ginin guda. A waɗancan akan ƙara kashi 10 na hidima da kashi 6 na haraji, sai abin da aka rubuta ringit 20 ya koma 23 da 'yan kai. A rumfar da kai ke nuna abin da za a ɗora maka a kan shinkafa, kowane yanki da kuɗinsa, kuma jatan lande da manyan kifi su ne masu tsada. Ka tambaya kafin a zuba, ba bayan an zuba ba.

Gaskiya ita ce wurin nan ba na kullum ba ne ga ɗalibi. Abincin da za ka ci a nan, za ka same shi da sauƙi sosai a kantin makaranta ko a shagunan mamak na Indiyawa Musulmi, waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Kuɗin sanyi da fitila kake biya. Ka je ranar da ka karɓi baƙo, ko ka gama jarrabawa, ko kewar gida ta dame ka kana son ganin mutane. Akwai kuma wata magana da nake gaya wa kowane yaro: hoton da za ka ɗauka da faranti a gabanka da hasumiya a bayanka, a gida ba a karanta shi yadda kake nufi. Mahaifin da ya sayar da fili ya biya maka kuɗin makaranta zai gani, 'yan'uwan da ke zaton ka faɗa cikin daula su ma za su gani. Ka yi tunaninsu kafin ka ɗora.

Mu mun saba wanda ya ce "zo mu je mu ci abinci" shi ke biya. A can sau da yawa kowa nasa yake biya, sai in abokinka ya ce "belanja", wato ya ɗauke maka. In ya yi maka, ka rama wata rana. Tsakanin ƙarfe 12 da rabi zuwa 2 ma'aikatan ofisoshi ke cika wurin, zama teburi ɗaya da wanda ba ka sani ba kuma ba komai ba ne, ka nemi izini ka zauna. Kada ka bar waya ko jaka ta riƙe maka kujera. In ka ga wurin ajiye tire, ka kai naka da kanka.

Sallah ba za ta ba ka wahala ba. Ka nemi allon da aka rubuta "surau", shi ne ɗakin sallah, ɓangaren maza daban na mata daban, da wurin alwala. 'Yan'uwa mata, a naku ɓangaren akan ajiye doguwar rigar sallah da suke kira telekung don mai buƙata. Juma'a kuwa akwai masallacin As-Syakirin a gefen lambun KLCC, da ƙafa za ka je. Maleshiya na gaban Najeriya da awa 7, kuma Magariba takan kai ƙarfe 7 ko ta wuce. Da azumi ka zo da wuri, domin tun kafin lokaci tebura ke cika. Za ka ga ɗaruruwan mutane zaune, kowa da farantinsa a gaba, ba mai taɓawa, ana jiran kiran sallah. A irin wannan zaman ne wani dattijo da ban san sunansa ba ya turo mini dabino uku a kan takarda, ya tambaye ni daga ina. Na ce Kaduna. Bai san inda take ba, amma ya maimaita sunan sau biyu don ya riƙe.

Da ɗan yayata zai tafi, ya tambaye ni ko ya ɗauki kilishi. Na ce ya bar shi, nama ba ya shiga ƙasar sai da izini, kada a karɓe masa a filin jirgi. Uwarsa ta riga ta daka masa yajin tsire, na ce ta zuba a roba mai murfi ta rubuta sunan abin a jiki, ya kuma nuna wa jami'ai in sun tambaya. Ranar da ya fara zama gaban satay, ya ɗanɗana miyar gyaɗarsu tukuna, sannan ya buɗe robar.