Babi na 7: Yadda Likita Yake Rarrabe Ciwukan Ƙwaƙwalwa

Ku buɗe littafinku, ku ɗauki fensir. Babin ba shi da wuya, a hankali za mu bi shi.

Likita ba ya kiran kowane ɓacin rai ciwo. Yana da kundi da yake dubawa. Na Hukumar Lafiya ta Duniya sunansa ICD-11, ya fara aiki a Janairun 2022. Likitocin Amurka kuma suna da nasu, DSM-5, na 2013. A ciki an rubuta sunan kowane ciwo, da alamominsa, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin a ce ciwo ne.

Darasi na 1: Ciwon damuwa

Mutum yana wuni cikin baƙin ciki. Abin da yake so a da ya fita daga ransa. Barci ya lalace, abinci ba ya shiga, jiki a mace, yana ganin kansa ba shi da amfani. Amma sai abin ya kai mako 2, kusan kullum, kuma ya hana shi harkokinsa. Mako 2 kwana 14 ne.

Ga yadda za ku ƙirga. Ku rubuta kwanan watan da abin ya fara a saman takarda. Duk ranar da ya wuni a haka, ku ja sanda ɗaya. Ranar da ya ɗan warware, ku zana zobe. Da dare ake yi, kowace rana, kada a bari sai an tara. In an sace wa mutum babur, ya yi kwana 4 ba ya magana, sannan ya koma kasuwa, sanda 4 ke nan. Bai kai 14 ba. Ku sake ƙirgawa da yatsa. Madalla.

To, a nan ake yawan tuntuɓe. Ana tambaya yaushe ya fara, sai a ce "ya daɗe". Haba jama'a! "Ya daɗe" ba lissafi ba ne. Kwana nawa? Ku ƙirga sandunan, ku rubuta adadin. Malama, ke ma ki ƙirga, kada ki dogara da tunawa. Kwana 14, kusan kullum da sanda.

Abu ɗaya ne ba a ƙirga masa kwana: in ya fara maganar kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Darasi na 2: Ciwon fargaba

Zuciya na dukan uku-uku, gumi, tunani ba ya tsayawa ko ba abin tsoro. Kundin Amurka ya ce wata 6. Nan ma a ƙirga.

Darasi na 3: Jin muryoyi

Yana jin ana magana ba kowa, yana zargin ana bin sa. Kundin Hukumar Lafiya ya ce wata 1. Ku faɗa wa likita gaskiya in yana shan wiwi ko tiramadol. Kada a sa masa mari.

Darasi na 4: Sauyin yanayi

Mako 1 ba barci, surutu, ɓarnar kuɗi, daga baya damuwa.

Darasi na 5: Farfaɗiya

Tana rukunin ciwukan jijiya, daban take.

Aikin gida: ku zana takardar ƙirga ta kwana 14. Irinta za ku riƙe in za ku je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a jihar Sakkwato.